Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Ya'yan Ikkilisiyoyin Gombe ta Kudu Mazauna Birane

Zuwa ga 'ya'yanmu da ƙannenmu na ƙasar Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Awak da Pero, waɗanda neman abinci ya kai Gombe, Bauchi, Jos, Kaduna, Abuja, Legas da ƙasashen waje.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da wuraren aikinku. Mu nan gida sai godiya.

Ni dattijo ne a wata ikkilisiyar ƙauye, kuma ni ke riƙe da littafin kuɗinta. Ba zan ambaci garin ba, domin zancen bai tsaya a kanmu ba. Duk wanda ya zauna da ma'ajin ikkilisiya a ƙaramar hukumar Billiri ko Kaltungo ko Balanga ko Shongom zai ji kusan abin da zan faɗa. Kuna da hannun kyauta, wannan ba a musu. Amma kyautarku ta watan Disamba ce, yunwarmu kuwa ta watan Agusta ce, kuma tsakaninsu akwai wata bakwai cur.

Kada wani ya ce tsohon nan bai san alheri ba. Mun san wanda ya kawo janareta, da wadda ta ɗinka wa ƙungiyar mawaƙa riguna, da wanda ya miƙe a taron gidauniya ya yi alkawarin siminti har mata suka rangaɗa guɗa. Wasu alkawuran sun cika. Wasu kuwa har yau suna shafin baya na littafina, ban goge ba, ban kuma tuna wa kowa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, yawancinku kun bar gida tun kuna da ƙuruciya. Kun san majami'a ta gaba, wato waƙa da wa'azi da shagalin Kirsimeti, amma ba ku taɓa shiga ɗakin baya ba, inda ake ƙirga baiko a kasafta shi.

In an tashi sujada ranar Lahadi, mu uku ke saura a ɗakin nan: ni, da sakataren kuɗi, da dattijo ɗaya wanda ake juyawa mako-mako. Sai a zazzage jakunkunan baiko a kan tebur. Mafi yawa 'yan hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari da ɗari biyu, duk a cukuikuye. Wasu da danshi, don a bakin zane aka ƙulle su tun ranar kasuwa. Wasu sun yage an liƙe. Sai an miƙar da kowace takarda da gefen hannu kafin ta ƙirgu. In 'yar dubu ta faɗo sabuwa fil, sai mu kalli juna, an yi baƙo ke nan. A bakin ƙofa kuma ga abin da ba ya shiga jaka: mudun masara a leda, ƙwai a ƙwarya, wani lokaci kaza an ɗaure mata ƙafafu tana ta zazzare ido. Duk sai an rubuta, kowa ya sa hannu.

Masu kawo waɗannan kun san su. Mai tuyar ƙosai a bakin tasha, da mai kunu, da manomin da bai gama biyan bashin taki ba, da malamin firamare, da ɗan fansho. Su ke riƙe da ikkilisiya makonni 52 na shekara.

Daga abin da aka ƙirga za a fitar da alawus ɗin fasto ko mai bishara. A fitar da kason da ake aikawa sama, domin a tsarin ECWA, alal misali, ikkilisiyar ƙauye tana ƙarƙashin LCC, wato majalisar ikkilisiyoyin yanki, ita kuma ƙarƙashin DCC, majalisar gunduma, har zuwa hedikwata a Jos, kowane mataki da hidimarsa, sauran ɗariƙu ma kowace da nata tsarin. A fitar da na aikin mishan. A sayi mai, a gyara kwanon da iskar bazara ta ɗaga. Abin da ya rage shi muke kira asusun jin ƙai. Ku lura da kyau, abin da ya rage na ce. Gwauruwa da maraya da mai jinya su ne na ƙarshe a layi, kuma da damina sau da yawa kafin layi ya iso kansu tebur ya zama wayam.

Ba haka Littafi ya tsara ba. A Maimaitawar Shari'a sura 14 an umarci Isra'ilawa su tara zakkar amfanin gonarsu ta shekara ta uku a cikin garuruwansu, don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ayar nan ta Malakai 3:10 da kowa ya haddace ma, masu wa'azi sun fi son rabinta na ƙarshe, inda ake maganar buɗe tagogin sama. Rabin farko kuwa abinci yake faɗi: a kawo zakka ɗakin ajiya domin a sami abinci a gidan Ubangiji. Ni a fahimtata asusun ikkilisiya rumbun gari ne. Kowa ya zuba lokacin da yake da shi, wanda ya rasa ya ɗiba ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Iyayenmu sun gane wannan tun ba su san banki ba. Masu mishan na SIM, John Hall da Gordon Beacham, sun sauka Kaltungo a 1917, amma ba su zo da majami'u a cikin kayansu ba. Mutanen gari ne suka kwaɓa ƙasa, suka yanko ciyawa, suka ɗora jinka. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, a cikin waɗannan bukkokin aka riƙa koyon abacada da yamma bayan an dawo gona, yara da masu furfura a benci ɗaya. Ƙungiyar masu bishara ta 'yan ƙasa, wadda ake kira EMS yanzu, ta fara tun 1948, kafin a kafa ECWA ɗin kanta a 1954, kuma da baikon talakawa aka riƙa tura mutane zuwa inda ko hanyar mota babu. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, amma kafin nan an riga an yaye malamai da ma'aikatan jinya da akawuna da sojoji na farko na yankin nan, kuma su ne iyayenku da kakanninku. Duk wanda ya bi sawun takardar digirin da ke rataye a falonsa, zai iske mudun dawar wata tsohuwa a farkon hanya. Ba gori nake muku ba, ni ma ta nan na biyo.

To, yau me kuɗin ke yi? Bari in ba ku labarin abin da ya faru a wani lokacin girbi.

Kun san ƙasarmu da kububuwa. Ba a banza asibitin masu saran maciji yake Kaltungo ba, inda ake kawo mutane daga Bauchi da Taraba da Adamawa da ma gaba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta tsohon rauni, kuma lokacin noma da girbi ta fi ɓarna, don a lokacin ne hannu ke cikin ciyawa. Wani saurayinmu yana cirar gyaɗa da yamma ta sare shi a yatsa. Ubansa ya rasu, shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa. Kafin a kawo shi gida hannun ya kumbura har gwiwa. Wasu suka ce a kira mai magani, a tsaga, a ɗaure. Mai bishararmu ya ce a'a, asibiti. Mai mota ya ce sai an zuba masa mai, kuma ba laifinsa ba ne: litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta taɓa 1,000 kafin ƙarshen 2024. Uwar yaron ta kwance bakin zanenta, abin da ke ciki ko rabin hanya ba zai kai ba.

Sai aka aiko a kira ni. Muka buɗe akwati da tocilan, ni da dattawa biyu, muka rubuta, muka ba mai mota. Samari huɗu suka bi shi ko za a nemi jini. Zumuntar Mata suka raba kwanakin kai abinci a tsakaninsu. Ranar Asabar ƙungiyar matasa suka yi masa gayya, suka cire gyaɗar kafin ta tsira a ƙasa. Yaron ya dawo da ƙafarsa da hannunsa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, da a Agusta abin ya faru, da akwatin nan babu komai a ciki. Aka yi sa'a an yi baikon godiya a makon.

Kuna iya cewa ai da an kira ɗayanku a waya da ya turo. Wataƙila. In wayar ta shiga, in kuna da shi a wannan daren, in mai POS bai rufe ba, in yaron yana da ɗan'uwa a Abuja. Wannan yaron ba shi da kowa a Abuja. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuɗin gaggawa sai ya kasance a ajiye tun kafin gaggawar ta zo.

Hatsi ma haka. A godiyar kaka ana shigo da dammunan dawa da buhunan masara da wake da gyaɗa ana rawa, a jibge gaban bagade. Da can, in an sayar da wani kaso, sai a ajiye sauran a sito har tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, a auna wa gidajen da wuta ta daina tashi. Yanzu buƙatar tsabar kuɗi ta sa ana sayar da kusan duka a Disamba, daidai lokacin da hatsi ya fi arha, sannan a Agusta a koma kasuwa a sayo 'yan mudu da tsada. Kowane dattijo ya san asara ce. Amma alawus ɗin mai bishara ba ya jiran Agusta. Da akwai wani kuɗi da ke shigowa wata-wata daga wani wuri, da ba a taɓa hatsin ba, an zuba shi a buhunan nan masu leda ciki da ke hana ƙwari, ya jira lokacinsa.

Tun da na ambaci mai bishara, bari in ɗan tsaya a kansa, don na ji wasunku na cewa ba za su riƙa ciyar da fasto yana zaune ba. Fastocin da kuke gani a talabijin daban, na ƙauye daban. Namu yana noma kamar kowa. Shi ake tasa da tsakar dare in naƙuda ta yi gardama. Shi ke zuwa ofishin 'yan sanda in an kama yaro. Shi ke zama tsakanin miji da mata, da tsakanin 'yan'uwan da ke rikicin iyakar gona. In shanu sun shiga amfanin wani, rai ya ɓaci, samari sun fara wasa adda, shi da mai unguwa da limamin gari da Arɗo ke zama a ƙarƙashin bishiya har a kashe wutar. Ba wanda ke biyansa wannan. In an riƙe ɗan alawus ɗinsa wata biyu, ba ya kai ƙara ko'ina, sai dai ka ga yaransa sun zauna gida an koro su kuɗin makaranta. In ya tsufa kuwa ya sauka, ya bar gidan fasto, wasu ko ɗakin kansu ba su da shi. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, in ji Littafi, kuma ban ga inda aka ce sai na birni ba.

Akwai tambayar da na fi ji daga masu ilimin cikinku: me ya sa ba zan ba mabukaci hannu da hannu ba? Ku ba shi mana. Musamman iyayenku. Wanda ya bar uwarsa da yunwa ya ce ya kai zakka, Yesu da kansa ya tsawata wa irinsa a Markus sura 7. Amma hannu da hannu yana da iyaka. Kai da ke Legas, wanda ya san lambarka kaɗai kake ji, kuma mai yawan kira ba lallai shi ne mai tsananin buƙata ba. Mutanenmu suna da kunya. Akwai gwauruwar da za ta ɗora tukunyar ruwa a murhu don kada maƙwabta su gane ba a girki. Wa zai gano ta? Zumuntar Mata. Su ke shiga ɗaki-ɗaki, su suka san wadda ta daina zuwa taro don zanenta ya mutu, da yarinyar da aka cire daga makaranta za a tura aikatau, da tsohon da ke shan magani rabi-rabi don ya kai ƙarshen wata. Babu wata hukuma da ke da irin wannan sani, kuma ba a biyansu ko sisi. Abin da suka rasa kawai abin da za su riƙa a hannu in za su shiga gidan.

Ga kuma mutunci. In kai ka ba mutum, kullum ya gan ka sai ya cire hula. In ikkilisiya ta ba shi, daga abin da shi ma ya taɓa zubawa aka ɗebo, ba ya bin kowa da russunawa. Kun ga yadda kyautar 'yan siyasa take in zaɓe ya matso, shinkafa da atamfa da hoton mai bayarwa a jikin buhu. Mutumin da ikkilisiyarsa ke iya tsaya masa ba ya saurin sayar da ƙuri'arsa a kan taliya.

Kuma amfanin bai tsaya kan masu zuwa sujada ba. Kun san yadda gidajenmu suke, wa Kirista ƙane Musulmi, kaka ɗaya. Inda ikkilisiya ta haƙa rijiyar burtsatse ba a tambayar addini a bakin famfo, matan Fulani da na gari layi ɗaya suke bi. Makarantar rainon yara da ke ajin makarantar Lahadi haka, ɗakin shan magani haka. 'Yan'uwanmu Musulmi ma da zakka da sadaka da waƙafi suke riƙe nasu raunanan, kuma sau da yawa namu na cin albarkacinsu. A ƙarshen 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mutane suka yi ta kwararowa daga Adamawa da Borno, da yawansu 'yan ɗariƙar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wasu ko takalmi babu. Kafin wata ƙungiyar agaji ta iso da rajista da katin abinci, a majami'u da gidajen jama'a suka kwana, tuwon da aka tuƙa musu kuwa daga sito da aljihun masu baiko ya fito.

Yanzu ga maganar da kuke yi a bayan idonmu, gara in faɗe ta da bakina. Kuna cewa kuɗin ikkilisiya ba a san inda yake shiga ba. Wani wuri gaskiya ne. Akwai inda mutum ɗaya ke ƙirgawa, shi ke ajiyewa, shi ke kashewa, in an tambaya ya ce ana taɓa shafaffe na Ubangiji. Akwai inda aka tara kuɗin gini sau uku gini bai wuce linta ba. Ba zan kare wannan ba, kuma Littafi bai kare shi ba. Rikicin farko da aka rubuta a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan rabon abincin gwauraye ne. Manzanni ba su ce a yi shiru ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. A zamanin sarki Yowash akwati aka huda aka ajiye a Haikali, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Bulus ma, da zai kai gudummawa Urushalima, ya ƙi tafiya da ita shi kaɗai, ya nemi ikkilisiyoyi su zaɓi masu rakiya don kada a sami abin zargi. In manzo bai yarda a ce a amince masa kawai ba, wane ne ma'ajin ƙauye?

Saboda haka maganin zargi ba janye hannu ba ne. In kun janye, mai cin amana bai rasa komai ba, mai ƙosai za ta ci gaba da kawo masa, ita kuma ba ta iya karanta lissafi. Ku ne akantoci, ku ne ma'aikatan banki, ku ne masu binciken kuɗi a ma'aikatu. Ku tambaya. Mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi? Ana karanta lissafi gaban jama'a? Akwai rasit? Duk ikkilisiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyin, ta ba ku amsa ke nan. Mu da muke riƙe littafi tsakani da Allah, mai tambaya ba ya ba mu tsoro, hutar da mu yake yi.

Amma ku ma kuna da naku kason a yadda abin ya karkace. Me ya sa kowace ikkilisiya ta koma gini, da tayil, da ƙofar ƙarfe, da hasumiya? Saboda dattawa sun lura a nan kaɗai hannunku ke buɗewa. In aka ce gini, za a yi taro, a kira babban mai ƙaddamarwa, a faɗi suna a lasifika, a manna allo a bango. In aka ce kuɗin jarrabawar WAEC na marayu biyar, ba allo, ba guɗa, sai waya ta yi shiru. Har ta kai wani wuri an rushe majami'a mai ƙwari don a gina wadda ta fi ta garin maƙwabta, alhali mai bishara na bin bashin alawus. Tarukan gidauniyar nan kuma suna da wata illa da ba kwa gani daga kujerun gaba. In an fara daga masu dubu ɗari ana saukowa, kafin a iso masu ɗari biyar rabin jama'a sun sunkuyar da kai, wasu sun zame ta ƙofar baya. Tsohuwar da ta riƙe majami'ar shekara guda da hamsin-hamsin ta koma 'yar kallo a gidanta. Yesu kuwa da ya zauna daura da akwatin baiko, mai anini biyu ya nuna wa almajiransa.

Ban manta da masu wa'azin shuka iri ba, waɗanda ke cewa ka ba da dubu goma ka girbi miliyan kafin ƙarshen wata. Wasunku sun ba da har suka gaji, suka fita daga harkar bayarwa gaba ɗaya. Ni ba zan yi muku wannan alkawarin ba. Na ga masu aminci wajen zakka da suka mutu da talaucinsu. Bayarwa sujada ce, godiya ce, kuma ɗaukar nauyin ɗan'uwa ce. Ba caca ba ce.

Ban kuma ce ku daina ba ikkilisiyar da kuke sujada a birni ba. Can ake koyar da yaranku, can ake ziyartarku in ba ku da lafiya, tana da hakki a kanku. Amma ku dubi abin da ke faruwa. Ƙauye ke haihuwa, ya yi reno, ya koyar, in yaro ya fara samun albashi sai birni ya karɓe shi da zakkarsa. In ya tsufa ko ya rasu sai a dawo da shi gida, samarin ƙauye su haƙa kabari, Zumuntar Mata su kwana suna girki wa baƙin da suka zo da motoci. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya sun aika wa matalautan Urushalima gudummawa, Bulus ya ce bashi ne a kansu, tun da daga can albarkar ta fito musu. Ya kuma faɗa wa Korintiyawa yadda za su yi: kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, don kada sai ya zo a fara tara kuɗi. Wato shi ma bai son taron gidauniya.

Ga roƙona. Kowace ikkilisiyar gida tana da 'ya'ya a waje, kuma kuna da zaurukan WhatsApp inda kuke tura hotunan biki da sanarwar rasuwa. Ku yi lissafi da kanku. In mutum 30 suka ware naira 5,000 kowane wata, an sami 150,000 a wata, miliyan 1 da dubu 800 a shekara. Ga mai albashi a birni kuɗin kati da data ne. A ƙauye kuwa ya isa a bar hatsin kaka a sito, a biya wa marayu jarrabawa, a ajiye na motar asibiti. Wanda ba zai iya 5,000 ba ya yi 1,000, muddin ba ta yankewa. Mun fi iya tsara aiki da kaɗan da muka san za ta zo, a kan mai yawa da ba mu san ranarta ba.

Ku tura a asusun banki na ikkilisiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, ba asusun fasto ba, ba na ma'aji ba, ko da kawunku ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ikkilisiyoyi da yawa suka koyi karɓar baiko ta waya, wadda ba ta da asusu ku taimaka mata ta buɗe. Ku ce a rubuce na jin ƙai ne, a ware masa shafinsa, kada ya narke cikin siminti. Ku nemi a sa shugabar Zumuntar Mata cikin masu yanke shawarar rabonsa. Ku nemi rahoto duk wata uku, na adadi da irin hidimar da aka yi, amma ban da sunaye da hotunan waɗanda aka taimaka, don ba mu son a riƙa yawo da fuskar gwauruwa a Facebook tana riƙe da mudu. Masu aikin lafiya a cikinku su bincika mana yadda za a sa tsofaffi da gwauraye cikin shirin inshorar lafiya na jiha, GoHealth, a biya musu daga asusun. Wanda kuma ba shi da kuɗi yana da sana'a: likita ya ba mu yini guda in ya zo hutu, lauya ya duba takardun filin majami'a, malami ya zauna da 'yan aji shida.

Ku kira sakataren ikkilisiyarku ta gida a makon nan, ba sai wani ya rasu ba. Ku tambaye shi abin da ke asusun jin ƙai yau, da watan da aka biya mai bishara na ƙarshe, da yaran da ba za su koma makaranta a zango mai zuwa ba. In an sa ranar karanta lissafin shekara, ku turo wakili ko da mutum ɗaya ne, ya zauna a ɗakin baya ya duba littafi shafi-shafi, gani ya kori ji.

Ku gai da matanku da mazajenku da jikokinmu. Ku riƙa koya musu yaren gida.

Naku cikin Almasihu,
Wani dattijo, ma'ajin ikkilisiya a Gombe ta Kudu